Ruwan Gishirin Papa Dikonge

Motar da ta kwaso mu daga Yaounde a wata unguwa wai ita Ndokoti ta zube mu, da hantsi, ana wani yayyafi mai ɗumi kamar ruwan wanka. Kwanana biyar a hanya tun daga Yawuri, ƙafafuna sun kumbura, kaina ya yi nauyi. Ina tsaye ina neman inda zan sa ƙafa tsakanin babura da masu talla, sai wani ya dafa ni ya ce, "Sannu da hanya, ɗan'uwa." Hausa ce tsaf. Wallahi ina jin ta na saki jiki. Ya ce shi ma unguwar New Bell za shi, ya karɓi jakata wai ya rage mini, ya ce in tsaya nan ya kirawo mana tasi. Na tsaya har azahar ta gota, bai dawo ba. A cikin jakar akwai riguna uku, da bargo, da takardar da aka rubuta mini sunan mutumin da zai sama mini aiki a tashar jiragen ruwa. Ban yi ihu ba, ban zagi kowa ba, ni da a gida ƙaramin abu ke sa ni tada jijiyar wuya. Na dai tsaya ina kallon takalmina yana shan ruwa, kamar da wani abin ya faru ba da ni ba.

Da ƙafa na isa New Bell, ina tambaya ana nuna mini da hannu. A ƙofar wani masallaci na zauna har aka yi la'asar. Bayan sallama wani dattijo mai sayar da albasa, Alhaji Buba, mutumin Garoua, ya dube ni ya ce, "Kai baƙo ne. Ka ci abinci?" Ban ci ba. Ya sa aka kawo mini shinkafa da wake, sai da na suɗe kwanon sannan ya tambayi sunana. Na ce Isiya. Ya kai ni wani ɗaki a bayan shagonsa inda mutum shida ke kwana, ya ce su matsa, na zama na bakwai.

Wata uku ina dako a babbar kasuwa, Marché Central. Buhun albasa, katan ɗin tumatir, ƙunshin atamfa, duk abin da aka ɗora mini. Ruwan sama a garin nan ba ya neman izinin kowa, rigata ba ta taɓa bushewa sosai ba. Na bar matata Hauwa da ƙaramin ciki da 'yarmu ɗaya. In ta kira ni ta ce, "Yaya garin?" sai in ce lafiya lau. Ba ɓoye mata nake yi ba. Ban san me zan ce ba ne. Ba na jin daɗi, ba na jin baƙin ciki, ina dai tashi in ɗauki kaya in ajiye kaya.

A kasuwar na gamu da Papa Dikonge. Tsoho ne ɗan bakin teku, Kirista, siriri, idonsa na hagu ya yi fari da yana. Ya ɗauke ni in kai masa jarkoki huɗu bakin titi. Muna tafiya sai na ji ya yi mini Hausa, irin ta New Bell, wadda rabinta Faransanci ne. Ashe a gefen unguwar Hausawa ya tashi. Ya tambaye ni sana'ata a gida, na ce su, gado ne ma, tun kakana muna jefa taru a kogin Kwara.

Ya yi dariya har da tari. "Kai ka iya kashe kifi. Ni ina neman wanda zai iya raya shi. Za ka koya?"

Na ce in dai ba buhu a kai, zan koya.

Gidan da yake aiki yana unguwar Bonapriso, na wata mata mai harkar shigo da kaya, kowa Madam yake ce mata. A falonta akwai akwatin gilashi, tsawonsa ya fi gadon mutum biyu, cike da ruwan teku, ga fitila shuɗiya a samansa. Kifayen ciki ko miya ba za su yi ba. Akwai wani ruwan ɗorawa mai faɗin tafin hannu, da wasu biyu masu ratsin fari da ruwan lemo, da ƙananan shuɗaye. A kan duwatsu kuma akwai wasu abubuwa kamar rassan itace, wasu kamar kunnen jaki, suna motsi a hankali. Na ce wannan wace irin ciyawa ce?

"Ba ciyawa ba ce, mon fils, ɗana. Murjani ne. Dabba ce, tana ci, tana fushi, tana mutuwa."

Ni murjani a wuyan innata na san shi, ja, a zare. Ban taɓa sanin yana da rai ba.

Ya buɗe durowar da ke ƙarƙashin akwatin, na ga ashe ainihin aikin a can yake. Ruwa na saukowa ta bututu ya bi ta cikin farar auduga, ya ratsa jakar gawayi, ya shiga wani dogon tulun roba da ke ta kumfa. Papa na kiransa écumeur, ni kuwa tulun kumfa na sa masa. Iska ke shiga ta ƙasa, kumfa ta hau sama ɗauke da dauɗar ruwan, ta zuba a wani kofi a bisa, baƙi-baƙi, mai wari kamar kwata. Ya ce in na ga kofin nan yana cika da ƙazanta in yi murna, tulun na aiki ke nan.

Amma duk da injinan nan, gansakuka ta ci rabin akwatin. Kore, mai gashi-gashi, ta rufe duwatsu, ta fara hawa kan murjanin. Mai dafa abincin gidan, Mama Berta, ita ta gaya mini yadda zancen yake, muna shan ruwa a kicin. Shekara goma sha tara Papa yana kula da akwatin, tun mijin Madam na da rai. Idonsa ya tafi, ba ya ganin gansakukar sai ta yi gemu. Madam ta gaya masa a gaban kowa: ko akwatin ya koma yadda yake, ko ya tattara. In kuma wani abu ya sake mutuwa a ciki, to kada ma ya jira a gaya masa. Ba aikin kaɗai ba ne. Ɗakin da yake kwana a bayan gidan na mai kula da akwatin ne. Matarsa ta rasu, ba shi da ɗa a garin, dangin da suka rage suna wani ƙauye wajen Edea, rabonsa da su tun yana da baƙin gashi.

"Shi ya sa ya ɗauko ka," in ji Mama Berta. "Idonka yake so."

To, na ba shi idon. Kullum da safe in zo in goge gilashi, in sauya audugar, in zubar da kofin in wanke. In ɗauki burushin haƙori in bi duwatsu ɗaya bayan ɗaya, Papa na riƙe da tiyo yana zuƙe abin da na kankare kafin ya bazu. Ya rage lokacin fitila. Ya rage abincin kifi har na ce masa, "Papa, haba, ai wannan horo ne." Ya ce abin da kifi bai ci ba gansakuka ce ke ci. Ruwan famfo ba ya shiga akwatin sai ya bi ta wata matata da ke ɗiga ɗis-ɗis, ta yini kafin ta cika duro, sannan a zuba gishiri na musamman, a bar shi ya kwana yana juyawa. Ya koya mini cewa in ruwa ya ragu saboda zafi, mara gishiri ake ƙarawa, don gishiri ba ya bin iska. Ya kawo katantanwa goma sha biyu ya sake su, ya ce su da kifin nan ruwan ɗorawa su ne 'yan sharar gidan, kada in raina su.

Dokarsa babba a kan hannu take. Kafin in taɓa ruwa sai in ɗauraye hannu har gwiwa da ruwan da aka tace. Ba sabulu, ba man shafawa. Ni da rabona da man shafawa tun Yawuri, wannan bai dame ni ba. Ranar Juma'a kuwa ƙarfe sha ɗaya yake sallamata in tafi masallaci, ba na dawowa sai Asabar.

A ɗakinmu na New Bell na zama abin dariya. "Ga mai yi wa dutse asuwaki nan ya dawo!" Wani ɗan Maroua ya ce shi dai a gaya masa, kifin da ba a ci ba a sayarwa, uban me ake yi da shi? Na ce kallo. Ya ce, "Kai, Isiya, ka taso tun daga Najeriya don ka wanke wa kifi masai?" Da a gida ne da mun kwashi 'yan kallo. A nan sai in juya in fuskanci bango.

Cikin wata biyu koren ya ja baya. Duwatsun suka fito da wani launi shunayya, babban murjanin nan mai rassa ya fara tsiro da fararen kawuna. Madam ta tsaya gabansa da waya a kunne, ta daɗe, ta ce, "Ça va," wato ba laifi, ta wuce. Papa ya bi ta da kallo, sannan ya zauna a ƙasa ya jingina da durowa. A ranar ya saya mini soyayyen kifi da rogo a bakin titi, ya zauna yana kallona ina ci. Shi ba ya cin kifi.

Da abubuwa suka daidaita sai ya yarda a yi masa aikin ido. Madam za ta yi tafiya ta mako guda, ya ce wannan ne lokacin. Ya tafi asibiti ran Laraba, zai dawo Litinin. Kafin ya fita ya zagaya da ni sau biyu yana maimaita abin da na riga na sani. Duro ɗaya na ruwan gishiri a haɗe, gawayi sabo a leda. "In ka ga abin da ba ka gane ba, kada ka yi sauri," ya ce. Na ce Papa ka tafi kawai.

Ran Alhamis da yamma ƙanena ya kira, Hauwa ta sauka, namiji, duk suna lafiya. Na ce Alhamdulillahi. Na ajiye wayar ina jira in ji wani abu a ƙirjina, shiru. 'Yan ɗakinmu su suka yi mini murnar. Da safe Alhaji Buba ya ara mini farar riga, ya ce uban jariri ba ya zuwa Juma'a da kayan dako.

A ƙofar masallacin akwai wani mai turare, Malam Hamadu, mutumin Kousseri. Duk Juma'a yakan ɗiga wa wanda ya wuce ɗan turare a bayan hannu, ko ka saya ko ba ka saya ba. Ran nan da ya ji labari sai ya kama ni. "Yau ba ɗigo ba ne, ango!" Ya buɗe wata kwalba mai kauri wadda ba ya buɗe wa kowa, ya zuba mini a tafin hannu biyu, ya shafa mini a damtse, a gemu, a hannun riga. Wani ma ya zo ya ƙara nasa. Kowa na miƙo hannu yana cewa Allah Ya raya. Tun da na zo garin ba a taɓa taɓa ni haka ba, sai dai a ture ni in ba da hanya.

Ana idar da salla wayata ta yi ƙara. Mama Berta ce. "Isiya, zo maza! Injin ya faɗo, ruwan ya zama fari, ba na ganin kifi!"

Na hau babur. Da na shiga falon na ga abin da ya faru. Akwai ɗan injin da ke manne a jikin gilashi yana kaɗa ruwa, shi ya ɓalle ya faɗa ƙasa, yana ta hura yashi a kan babban murjanin. Na naɗe hannun riga na zura hannu biyu har kafaɗa. Na ɗauko injin na mayar, na kakkaɓe yashin daga rassan da yatsuna, na gyara wani dutse da ya karkace. Na fi minti goma hannuna a ciki. Ban ɗauraye ba. Kuma ko da na tsaya tunani, ban ce zan tuna ba, don turare a wajena bai taɓa zama mai ba. Sunna ce, abin da mutum ke shafawa don ya je gaban Ubangijinsa da tsabta. Papa kuma bai taɓa ganina bayan sallar Juma'a ba, balle ya hana ni.

Yashin ya kwanta, ruwa ya fara washewa. Na buɗe durowa don in duba injina, sai na ga tulun kumfa ya yi shiru. Injinsa na aiki, amma kumfar ta kwanta, ba ta hawa. Na ɗaga kai na dubi saman ruwan ta ƙarƙashin fitila, na ga wani maiƙo yana yawo kala-kala, kamar na bakin gareji bayan ruwan sama. Sai a lokacin na ji ƙamshin kaina.

Na yi abin da na sani. Na tuɓe rigar, na wanke hannu, na yi ta ɗebe saman ruwan da kofi. Na sauya gawayi, na sauya auduga. Na zuƙe ruwa na juye duron nan guda, ya ƙare. Matatar ruwa na can tana ɗiga ɗis-ɗis, ba ruwanta da saurina. Kafin magariba murjanin duk ya tsuke, kifaye sun hau sama suna buɗe baki. Asabar da safe na tarar da kifin nan ruwan ɗorawa a mace a kan yashi, da biyu daga cikin shuɗayen, katantanwa sun zube a bayansu. Ran Lahadi naman babban murjanin ya fara saɓulewa daga ƙasa, ƙashin na fitowa fari fat. Na kwashe matattun da raga na nannaɗe a leda. Kifin da na kashe a Kwara ba ya ƙirguwa, amma ban taɓa tsayawa da leda a hannu ban san inda zan kai ta ba sai ran nan.

Litinin Papa ya dawo da bandeji a ido ɗaya. Ya tsaya gaban akwatin. Ya durƙusa da ƙyar ya buɗe durowa, ya cire kofin tulun ya kai hanci. Ya daɗe yana shinshinawa. Ya ɗauko tsohuwar audugar da na jefa a bokiti, ita ma ya shinshina. Sannan ya mayar da kofin ya ce, "Ka haɗa sabon ruwa?" Na ce na haɗa. Ya ce, "To, mu sauya."

Madam ta iso da la'asar. Ko jakarta ba ta ajiye ba. Ta kira mu falo, ni da shi da Mama Berta, ta nuna farin ƙashin murjanin, ta ce mijinta ne ya kawo shi yana ɗan tsinke kamar yatsa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa ya yi wannan?

A lokacin ina jin Faransanci daidai gwargwado, ba zan ce ban gane ba. Na ji Papa ya ce shi ne. Ya ce kafin ya tafi asibiti shi ya haɗa ruwan duron, idonsa bai ga ma'auni ba, ya zuba gishiri fiye da kima. Ya ce in ba don mutumin nan ya yi ta ɗawainiya kwana uku ba, da ko kifi ɗaya ba za ta tarar ba.

Madam ta juyo ta dube ni. Ta ce haka ne?

Bakina a nan yake, harshena lafiyarsa lau. Na tuna jaririn da ko suna ba a raɗa masa ba, na tuna buhun albasa. Tsoro na ji, ba wani abu ba, kuma shi ne abu na farko da na ji sosai tun da na sauka garin. Na sunkuyar da kai na ce, "Oui, Madam," wato haka ne. Mama Berta ta dube ni, ita da ta ga hannuna a ruwa ta kuma ji ƙamshin ya cika falo. Ta ɗauke kai ta koma kicin.

Madam ta ce wa Papa ta ba shi zuwa Laraba. Ni kuma ta ce daga yau akwatin a hannuna yake.

Laraba da safe na same shi a ɗakinsa yana ɗaure kaya. Ba su da yawa. Akwati ɗaya, rediyo, da hoton matarsa da ya nannaɗe a tawul. Na ɗauko masa su zuwa bakin get, muka tsaya jiran tasi. An cire bandejin, idon ya yi ja amma yana gani. Ya ce yanzu har ganyen itacen tsallaken titi yana ƙirgawa.

Na ce, "Papa, ni ne. Turare ne a hannuna."

"Na sani," ya ce. "Mai kyau ne ma. Berta ta ce an yi maka ɗa."

"Bari in je in gaya mata gaskiya."

"Ka gaya mata ta kore mu mu biyu, ta kira waɗanda za su zo sau ɗaya a mako su ƙarasa sauran?" Ya girgiza kai. "Gansakuka za ta dawo kan ƙashin nan kafin mako biyu, tun da mai cin ta ya mutu. Ka cire shi yau. Ka rage fitila. Kada ka sayi sabon kifi sai kumfa ta yi kwana goma tana hawa."

Na ce to.

Tasi ta tsaya. Na sa kayan a baya. Ya shiga ya zauna, sannan ya laluba aljihu ya miƙo mini makullin ɗakinsa ta tagar mota.

"Rufin yana yoyo ta wajen taga," ya ce. "In ruwa ya sauko ka ja katifar gefe."

Motar ta tafi. Na koma ciki na cire ƙashin murjanin, na rage fitila, na wanke kofi. Da yamma na je New Bell na kwaso 'yan kayana, Alhaji Buba ya yi mini addu'a, 'yan ɗaki suka ce na yi goshi. Na buɗe ɗakin da makullin. Har yanzu akwai ƙusa a bango inda hoton yake. Kafin magariba hadari ya haɗu, ruwa ya sauko, na ja katifar gefe kamar yadda ya ce.